TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Mista Sannu da takardar jikin firji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya ne a inda na ajiye aikin wanke-wanke a gidan abincin nan bayan hannuwana duk sun tsattsage saboda ruwan zafi da sabulu, Yaya ya ce in shirya ya kai ni kamfanin da yake wa aiki, masu tura mutane gidaje suna kula da tsofaffi da marasa lafiya. To daga nan za mu ɗora. Amma in gaya muku tun da wuri, kusan rabin labarin yau ba nawa ba ne, na wani Bature ne da ban taɓa sa shi a ido ba, don shi ya mutu a 2010 ni kuma sai 2013 na sauka a birnin Portland na Amurka. Duk da haka ba yadda za a yi in ba da tarihina in tsallake shi.

Horon da aka ba mu na 'yan kwanaki ne, yadda ake ɗaga mutum ba tare da ka karya bayanka ba, yadda ake sa safar hannu, abin da za ka rubuta a takarda in ka tashi. Farkon 2014 aka tura ni wani gida a arewa maso yammacin gari, lokacin ana tsakiyar yayyafin nan na Portland wanda shi bai zuba ba shi bai ɗauke ba, sai ka yi sati ba ka ga rana da idonka ba. Mai gidan ba zan faɗi sunansa ba, Dattijo nake ce mai a raina kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Ya haura sittin, da can aikin rufin gidaje yake yi, wata safiya ya zamo daga saman wani gini ya faɗo ta ka, wuya ya karye. Lokacin da na same shi ya yi wajen shekara 20 a zaune. Kafaɗunsa suna motsi, yana iya ɗaga hannu kaɗan ya tura ɗan sandan da ke tuƙa kekensa mai batir, amma yatsu ba sa kama komai, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa ko allura ka soka mai ba zai ji ba.

Aikin ba wasa ba ne. Da dare duk bayan awa biyu sai ka juya shi, don in ya daɗe a gefe ɗaya fatar wajen sai ta mutu ta zama gyambo kuma shi ba zai ji zafin da zai gaya maka ba. Da safe ka zubar da jakar fitsari, ka yi mai wanka, ka duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa ko akwai inda ya yi ja, ka sa shi a cikin wata na'ura mai kama da lilo ka ɗaga shi daga gado zuwa keke, ka ɗaura mai cokali a hannu da maɗauri don ya fi son ya ci da kansa ko da rabin abincin zai zube a ƙirjinsa. Ni kuma na shiga gidan nan da zuciya cike da tausayi, ina ce wa kaina Allah ne ya kawo ni in samu lada, ga dala ga lada, me ya fi wannan.

Matsalar daga bakina ta fara. Kun dai san mu da sannu. Mutum ya yi tuntuɓe sannu, ya yi tari sannu, ya dawo daga aiki sannu, yana zaune ma bai yi komai ba sannu da hutawa. To Turanci ba shi da sannu, abin da muke kamawa mu maye gurbinta da shi shi ne sori, su kuma a wajensu sori ta mai laifi ce. Cokali ya faɗi in ce sori. Ƙafarsa ta kama karkarwa da kanta, abin da yake yawan faruwa ga masu irin ciwonsa, in ce sori. Na juya shi ya yi nishi, sori sori. Rana ta huɗu ya kalle ni ta ƙasan gira ya ce, tsaya in tambaye ka, kai ka hankaɗo ni daga saman ginin nan? Na ce a'a ranka ya daɗe. Ya ce to yau tun safe nake ƙirgawa, sau 31 ka ba ni haƙuri, in ba kai ka hankaɗo ni ba ka daina, in kuma kai ne ka faɗa min in kira lauya. Na tsaya ina ta kame-kame ina mai bayanin yadda sannu take a Hausa, cewa ba neman gafara ba ce, nuna wa mutum ne kana tare da shi. Ya sa na maimaita kalmar sau uku har ya iya faɗa, daga ranar sunana ya koma Mista Sannu, har ya mutu bai ƙara kirana da sunan yanka ba.

A jikin firjinsa akwai wata 'yar takarda da aka yanko daga jarida, ta tsufa har ta koma ruwan ƙasa, an manne ta da mayen ƙarfe. Zane ne irin na barkwanci, layukan duk a karkace kamar ɗan firamare ne ya yi. Wasu mutane ne a kan dawakai da manyan malafuna irin na finafinan kaboyi, da gani ka san wani suka biyo za su kama, sun tsaya a tsakiyar hamada sun kewaye wani keken guragu da ba kowa a kai. Sai babbansu yake cewa, kar ku damu, ba zai yi nisa a ƙafa ba.

Wallahi da na gane abin da ake nufi sai da gabana ya faɗi. Na ce wane marar imani ne ya zo gidan bawan Allahn nan ya manna mai wannan, a firjin da yake wucewa ta gabansa kullum, kuma ya san ba shi da yatsun da zai cire? A raina har na ɗora wa wani ma'aikacin da ya riga ni laifi. Na lallaɓa na ɓalle takardar na jefa a durowar cokula, ina jin na yi aikin alheri.

Ko awa ɗaya ba a yi ba na ji ya ƙwala min kira daga kicin da wata murya da ban taɓa jin ya yi ba. Ina Callahan ɗina? Na ce wa? Ya ce takardata da ke nan. Na ce ranka ya daɗe na ga abin cin mutunci ne shi ya sa na kawar. Ya yi shiru yana kallona, fuskar nan ta yi jawur, sannan ya ce a hankali, a duk gidan nan wannan takardar ce kaɗai ba ta taɓa jin tausayina ba, ka mayar da ita inda ka gan ta. Na mayar, hannuna na rawa, kuma don tsabar sabo sai da bakina ya suɓuce na ce sori. Ya ce 32.

Da yamma da ya huce shi ya fara ba ni labarin mai zanen. Sunansa John Callahan, ɗan garin ne, kuma a wannan ɓangaren na gari ya yi zamansa, Dattijo ya ce ya sha ganinsa yana keta titi a kekensa a guje, ga jan gashi kamar an kunna wuta, kowa a unguwar ya san shi, kuma an san shi da tare mutane a hanya ya nuna musu sabon zane ya ga ko za su yi dariya. Sai a lokacin na san ashe wanda ya zana keken da ba kowa a kai shi ma a kan keke ya yi rayuwarsa, irin ciwon Dattijo sak. Bayan kwana biyu ya ce in shirya shi mu fita, muka hau bas, irin wadda take durƙusawa ta zuro wani faranti keke ya hau, muka je Powell's, kantin littattafan nan da ya cinye layi guda a titin Burnside, ya sa na nemo tsohon kwafin littafin da mutumin ya rubuta a kan rayuwarsa a 1989. Sunan littafin ma maganar jikin firjin ce, Don't Worry, He Won't Get Far on Foot. Ya ce aikinka ne, kullum da dare ka karanta min shafi goma, ka gyara Turancinka ni kuma in huta da sannu.

Haka muka yi wajen wata guda, ni ina karatu ina tuntuɓe da kalmomi, wasu wuraren in yi shiru don akwai batsa da zagi da bakina ba zai iya ɗauka ba, shi kuma ya ce tsallake na san wajen. Ga abin da na tsinta a ciki da kuma wanda na bincika daga baya.

An haife shi a Portland a watan Fabrairun 1951, yana jariri aka ɗauko shi daga gidan marayu, wasu ma'aurata 'yan Katolika suka riƙe shi a wani gari da ake kira The Dalles, a bakin kogin Columbia gabas da Portland. Bayan sun ɗauke shi sai Allah ya buɗe musu haihuwa suka samu biyar nasu, shi kuma ya tashi da sanin cewa shi ɗan riƙo ne, abin ya zauna mai a rai. Makarantar sistocin coci ya yi, kuma tun a aji yake zana malamai yana ba yara dariya. Giya kuwa tun bai cika shekara 14 ba ya fara, kuma ba shan wasa ba. Da ya gama sakandare ya taɓa aikin kula da marasa lafiya a asibitin masu taɓin hankali, wato shi ma ya taɓa irin aikina kafin a wayi gari shi ake yi wa, ya kuma yi aiki a masana'antar alminiyom, daga nan ya gangara Kalifoniya.

A can ne abin ya faru, a 1972 yana da shekara 21. Sun wuni suna yawon mashaya shi da wani da bai ma daɗe da saninsa ba, dare ya yi ya miƙa wa wancan makullin motarsa, Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, shi ma wancan a buge yake, ya kwashi mota da gudun mil 90 a awa, wajen kilomita 145 ke nan, ya rungumi falwaya. Direban ya fita da 'yan ƙujewa. Callahan kuwa lakarsa ta tsinke a wuya, wajen ƙashi na 5 da na 6.

To a nan ne na zaci labarin zai bi hanyar da na saba ji, mutum ya ga aya ya tuba ya zama na kirki. Ina! Shekara 6 ya ƙara yana sha a kan keken, ya ma fi da, don yanzu ya samu dalili. Abin da ya tsayar da shi wani ɗan ƙaramin abu ne, kuma duk littafin ba inda ya tsaya min a rai kamar wajen. Wata rana an bar shi shi kaɗai a gida da kwalba, ba yatsun buɗewa, ya kama murfin da haƙori yana ta fama, ya daɗe yana yi, can kwalbar ta suɓuce ta faɗi ƙasa ta gangara inda yana ganinta amma ba zai iya kaiwa ba. Ya zauna yana kallonta yana ihu yana zagi yana kuka har ƙarfinsa ya ƙare. Daga wannan ranar a 1978, yana da shekara 27, ya nemi ƙungiyar nan ta masu taimakon juna su bar giya, bai ƙara sha ba. Da na karanta wajen na ɗago na ga Dattijo ya juyar da kai yana kallon bango, ni kuma na riga na koyi darasi, ban ce sannu ba, na buɗe shafi na gaba.

Bayan ya bar sha ya koma karatu a jami'ar Portland State ya karanci Turanci, ya kuma koma zanen da ya bari tun yarinta. Yadda yake yi shi ne ya matse alƙalami a hannu ɗaya ya tallafe da ɗayan, motsin kuma daga kafaɗa yake zuwa, shi ya sa layukan suke rawa, ashe abin da na raina na ce na ɗan firamare ne da jiki guda ake jan kowane layi. Ya fara a jaridar ɗalibai, a 1983 jaridar mako-mako ta garin, Willamette Week, wadda ake ajiyewa kyauta a akwatuna a bakin titi, ta fara buga shi, kuma ta ci gaba har shekara 27, sai mutuwa ce ta raba. Daga nan wasu jaridu da mujallu a faɗin Amurka suka ɗauka, aka yi ta tattara zanen ana buga littattafai, har aka yi katun biyu na talabijin daga aikinsa, Pelswick na yara wanda jaruminsa yaro ne a kan keke, da Quads na manya.

Ba wanda ya bari. Makafi, guragu, masu hannun ƙarfe, mashaya, likitoci, lauyoyi, limaman coci, duk ya bi ta kansu. Akwai wanda ya zana ajin motsa jiki na waɗanda wuyansu ya karye, duk suna kwance, mai koyarwa tana cewa to bismillah a fara juya ƙwayar ido. Dattijo in ya tuna wannan sai ya yi ta dariya har numfashinsa ya sarƙe. Wasiƙun zagi kuwa sun yi ta zuwa ofishin jaridar, wasu su ce za su daina karantawa, wasu su janye talla, shi kuma ya tara wasiƙun yana jin daɗinsu har ya sa wasu a littafi na biyu da ya rubuta a kan rayuwarsa. Amsar da ya bayar da aka tambaye shi ko ba ya wuce gona da iri, ma'anarta ita ce shi ma'auninsa ɗaya ne, yadda mutanen da ke kan keke da masu ƙugiya a madadin hannu suka karɓi abin, don su ma irinsa sun gaji da masu magana da yawunsu, kuma tausayin nan da mayar da mutum ƙaramin yaro shi ne abin ƙyama na gaskiya. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake mai yoyo.

Wanda ya kashe min jiki ni shi ne na kawuna biyu. Mutum biyu ne a bakin titi suna bara, ba hannu ba ƙafa ba gangar jiki, kai ne kawai a kan 'yar kura, bambancinsu ɗaya, ɗayan ido ɗaya gare shi an rufe ɗayan da ƙyalle. Sai mai ido biyun ya dube shi yake cewa, mutane irinku ne suke ƙara min ƙwarin gwiwa. Na daɗe ina kallon zanen nan kunya tana cina, don a satina na farko da bakina na gaya wa Dattijo kusan haka, na ce in na gan ka sai in ƙara gode wa Allah da lafiyar da ya ba ni. A lokacin ina ganin magana mai daɗi na faɗa. Ku duba fa, mutum yana zaune da ciwonsa ka zo ka ce mai amfaninsa a duniya shi ne ya tuna maka kai ka tsira. Godiyar Allah wajibi ce, amma ba sai ka yi ta a kunnen wanda kake gode wa Allah da bai yi ka kamarsa ba.

Kar ku ce na zama ɗan gaba-dai gaba-dai ɗinsa fa. Akwai zanensa da har yau ba sa min daɗi, musamman inda ya taɓa addini, ko da ba nawa ba ne, da wasu da ya yi a kan mata waɗanda ni ban ga komai a ciki ba sai neman tsokana. Akwai kuma na wani baƙin mutum makaho yana bara da allo a wuya an rubuta a taimake ni, ni makaho ne kuma baƙi amma ban iya waƙa ba. Dattijo ya yi dariya, ni ban yi ba, ya ce ai ba baƙaƙe yake zagi ba, masu zaton duk makaho baƙi mawaƙi ne irin su Ray Charles ko Stevie Wonder yake zagi. Na ce na gane, amma dai a kan keke yana da lasisi, a nan kuwa aron baki ya yi ya ci albasa. Muka yi ta musu har lokacin juyi ya yi. Abin da na lura da shi daga baya, wannan ne karo na farko da na yi musu da shi, da can komai ya ce sai in ce haka ne ranka ya daɗe, kamar yadda ake yi wa yaro ko wanda aka ɗebe tsammani da shi.

A cikin satin na kira Inna, ina ba ta labari sama-sama, na ce Inna Turawan nan sai a hankali, mutum ba ya motsi amma abin da yake so a yi ta yi wa ciwonsa dariya. Na zaci za ta yi salati. Sai ta ce kai ɗan nan, ka manta abin da kuke yi wa Kaka? Sai abin ya dawo min. Kakarmu ta wajen uba ta yi shekara uku a kwance kafin ta rasu, mu jikoki in mun shiga ɗakin ba sannu muke ce mata ba, cewa muke tsohuwa har yanzu ba ki tafi ba, mu fa gumba muke jira, ita kuma ta ce ja'irai sai na binne ku ɗaya bayan ɗaya, ta jawo sandarta ta yi kamar za ta kai mana duka. 'Ya'yanta su ne masu shiga da sanyin murya suna ya jiki ya jiki, kuma da sun fita take cewa a kira mata jikokinta waɗannan sun ishe ta da fuskar makoki. Inna ta ce wanda ka ɗauka naka shi kake tsokana, baƙo ake yi wa kara. Ita ba ta san wani Callahan ba, ko sunan ba za ta iya faɗa ba.

To amma sani daban, iyawa daban. Na fi sati biyu ina neman inda zan sa baki ina jin tsoro, don in ka yi irin wannan wasan bai faɗa daidai ba ka zama azzalumi, kuma aikina ne a kan layi. Ranar da ta faru ban ma shirya ba. Na ƙona mai burodi karo na biyu a jere, ya fusata yana ta faɗa, ya ce wallahi da ina da hali da na kwaɗa maka mari. Ni kuma kawai sai na ji bakina ya ce, bismillah ranka ya daɗe, ga kumatun, in ɗago maka hannun ko za ka iya? Kicin ɗin ya yi tsit. Na ce shikenan na kori kaina. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ya fashe da wata irin dariya har ta koma tari, kuma masu irin ciwonsa ba su da ƙarfin tari don naman cikin ba ya aiki, sai da na sa hannu a ƙasan haƙarƙarinsa ina dannawa kamar yadda aka koya mana kafin ya samu numfashi, hawaye na zuba, yana cewa a ƙarshe dai, a ƙarshe dai Mista Sannu ya iso Amurka.

Wani dare bayan mun gama littafin na tambaye shi me ya kashe mutumin. Ya ce abin da kake dubawa a bayana kullum da safe. Callahan ya mutu ranar 24 ga Yulin 2010 yana da shekara 59, bayan an yi mai aiki a kan gyambon kwanciya da ya daɗe yana fama da shi, numfashi kuma ya zo ya ƙi. Shekara 38 ya yi a kan keke. Mutumin da aka yi hira da shi a manyan gidajen talabijin, wanda shahararren ɗan fim Robin Williams da kansa ya sayi izinin mayar da littafinsa fim yana so ya fito a matsayinsa, ƙarshe ɗan jan tabon nan da nake dubawa ina hamma shi ya kai shi. Daga ranar duban fatar Dattijo ya tashi daga abin da nake yi don in cike takarda, har fitilar waya nake kunnawa. Shi Robin Williams ɗin bai samu yin fim ɗin ba, a watan Agustan shekarar da nake ba ku labari ya mutu, sai a 2018 darakta Gus Van Sant ya fitar da shi, ɗan wasa Joaquin Phoenix ya hau keken a matsayin Callahan. Kafin nan a 2017 an buɗe wani ɗan lambu na tunawa da shi a unguwar, kusa da asibitin Good Samaritan, an jera zanensa a ciki. Duka biyun akwai labarinsu a rayuwata, ɗaya mun je tare da Dattijo ɗaya kuma ni kaɗai na je, amma ba mu zo nan ba tukuna.

Daga ranar burodin gidan ya canza. In zan shiga wanka da shi ya ce a yi a hankali kar a karya min wuya. In na daɗe a sallah ya ce ka roƙa min sabbin taya. Ni kuma na samu wata 'yar al'ada, duk lokacin da zan fita kanti sai in tsaya a bakin ƙofa in ce kar ka je ko'ina fa kafin in dawo, shi kuma ya ce ba alkawari.

Yana da 'ya ɗaya mace da ke zaune a Seattle, takan zo duk bayan wata biyu ko uku, mace mai kirki wallahi, ita take biyan wani ɓangare na kuɗin kula da shi, kuma duk zuwanta sai ta shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta fito. Ranar wata Asabar ta iso ba sanarwa, ta shigo ta ƙofar baya da makullinta tana ajiye kaya a kicin, ni ban san ta zo ba. Na ɗauki lema na tsaya a bakin ƙofar gaba na ɗaga murya yadda na saba, har da ƙari a ranar don ina cikin nishaɗi, na ce kar ka je ko'ina fa, in ma ka gudu ba za ka yi nisa a ƙafa ba. Ina juyowa na gan ta tsaye a ƙofar kicin da kwalin madara a hannu, fuskarta ta yi fari fat, tana kallona kamar ta kama ni ina dukansa. Dattijo ya buɗe baki zai yi magana ta ɗaga mai hannu ta ce Baba kar ka kare shi.

Ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe wayata ta yi ƙara, lambar ofis ce, matar ta ce kar in je gidan yau, in zo akwai takardar ƙorafi da aka shigar a kaina. Na kira Yaya na gaya mai abin da na faɗa kalma da kalma, ya yi shiru ya ce, kai yanzu wannan maganar da bakinka ka yi ta, a Amurka?

Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.